Yadda Ake Koya wa Doki Tafiyar Gefe da Juyi a Daidai Wurin da Ake So

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu a Kano ranar hawan Daushe ya san cewa ba a lokacin sukuwa ake gane mahayi ba, sai bayan an kai jahi, sa'ad da dawaki suka cunkushe wuri ɗaya kowa yana neman ya juya ya ba na baya hanya. A nan ne za ka ga wani ya karkatar da dokinsa cikin taku uku ba tare da an ga hannunsa ya motsa ba, wani kuwa yana ta fizgar linzami har bakin doki ya wage, kan dokin ya koma dama amma gangar jikinsa tana zamewa hagu tana bangazar na kusa. Mahayi na biyun ya ɗauka cewa inda kai ya nufa nan doki zai bi, alhali kuwa doki kafaɗunsa yake bi, ƙafafun baya kuma su ne ke tura shi. Wanda yake son juyi mai tsafta dole ne ya koyi sarrafa kafaɗa da kuturi, kuma darasin da ke koyar da hakan shi ne tafiyar gefe, wadda mahaya wasan diresaj (wasan nuna ƙwarewar horon doki) na Turai suka tsara ta mataki-mataki tun ƙarnuka da suka wuce.

Shirya fili da kayan hawa

Ana bukatar fili shimfiɗaɗɗe mai faɗin mita 20 da tsawon mita 40, wanda shi ne ƙaramin filin da ake amfani da shi a makarantun hawa. Ƙasar kada ta zama rairayi mai zurfi da ke jan jijiyar doki, kada kuma ta zama marmara mai tauri ko laka mai santsi, domin a tafiyar gefe doki yana gitta ƙafafunsa, zamewa ɗaya kuwa ta isa ta sa ya ƙi darasin na makonni. Idan da shinge a gefe ɗaya ko biyu ya fi, idan babu sai a ja layi da toka a jera tsofaffin tayoyi ko jarkoki. A al'adar wannan fanni ana sa haruffa a gefen fili: A da C a tsakiyar gajerun ɓangarori, E da B a tsakiyar dogaye, sai K da F da H da M kowanne mita 6 daga kusurwar da ke kusa da shi, tsakiyar fili kuma ana kiranta X. Amfanin haruffan shi ne su hana mahayi yaudarar kansa, saboda wanda ya ƙudura juyawa a E amma ya tsinci kansa ya wuce ta da mita biyu ya san cewa dokin ne ya zaɓi wurin, ba shi ba.

Batun kayan hawa ba abin tsallakewa ba ne. Linzamin gargajiya mai tudu a tsakiya yana da kaifin tasiri, an yi shi ne don tsayar da ingarma nan take da hannu ɗaya, bai dace da aikin da ake riƙe bakin doki a hankali ba tare da saki ba. A nemi linzami mai gaɓa a tsakiya marar dogayen hannuwa, a riƙe kamazuru da hannu biyu. Haka kuma a rage shimfiɗun da ke ƙarƙashin sirdi har ƙafar mahayi ta riƙa jin haƙarƙarin doki, a ajiye ƙaimi da faffaɗar likkafa mai kaifin baki sai wani lokaci. Kafin a zargi doki da taurin kai a sa likitan dabbobi ya duba haƙoransa da bayansa, domin dokin da haƙori ke yanka masa kumatu, ko sirdi ke murje masa doro, ba zai lanƙwasa ba ko da wa ya hau shi.

Mataki na farko: rabon aiki tsakanin hannu da ƙafa

A wannan darasi, idan an ce «ciki» ana nufin ɓangaren da doki ya lanƙwasa zuwa gare shi, «waje» kuma ɗayan ɓangaren, ko da shinge yana ina. Ƙafar mahayi ta ciki tana zama daidai kan majayi, ita ce ginshiƙin da doki ke lanƙwasawa a kewayensa, ita ce kuma ke hana shi rage himma. Ƙafar waje tana komawa baya da majayi kamar faɗin tafin hannu, tun daga ƙugu ake mayar da ita, ba a ɗaga dunduniya ba, aikinta shi ne ta tsare kuturi kada ya watsa waje. Kamazurun ciki ba ya juya doki, abin da yake yi kawai shi ne ya nemi doki ya ɗan karkata kai har mahayi ya hango gefen idonsa da bakin hancinsa, da zarar an samu haka sai yatsu su sassauta. Kamazurun waje shi ne mai babban aiki: yana kwanciya a jikin wuya, yana ƙayyade yawan lanƙwasa da saurin tafiya, kuma shi ne ke kawo kafaɗar waje ta zagayo.

Akwai kuma abin da zan kira ankararwa, wadda ake yi taku biyu ko uku kafin kowane juyi. Mahayi ya miƙe zaune, ya ɗaure cikinsa, ya matse ƙafafu kaɗan, ya rufe yatsun hannun waje na ɗan lokacin da bai fi numfashi ɗaya ba, sannan ya saki. Doki ba ya tsayawa, amma yana mayar da nauyinsa baya ya saurari abin da ke tafe. Yawancin munanan juyin da na gani, ba a juyin aka ɓata su ba, an ɓata su ne tun a takun da suka gabace shi, lokacin da mahayi ya afka wa dokin da umarni ba sallama.

Mataki na biyu: da'ira, kusurwa da layin tsakiya

A fara da da'ira mai faɗin mita 20 a tafiyar ƙafa, daga baya a sassarfa. Da'irar da ta tashi daga A tana taɓa wurare huɗu: A kanta, dogon gefe a daidai mita 10 daga kusurwa, X, sai ɗaya dogon gefen shi ma a mita 10. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya nufi K ko F, alhali wurin taɓawar yana gaba da harafin da mita 4, don haka ya kamata a ajiye alama ta musamman a nan. Doki ya taɓa kowane wuri na taku ɗaya kacal ya bar shi, idon mahayi kuma ya riga ya tafi wuri na gaba, kafaɗunsa su juya tare da kafaɗun doki, nauyinsa ya zauna daidai ba tare da ya kishingiɗa ciki kamar mai tuƙa babur ba. Idan an share ƙasa da tsintsiya kafin a fara, sawun zai faɗi gaskiya: a da'ira mai kyau kofaton baya yana bin layin kofaton gaba, kuma siffar ba ta fita kamar ƙwai.

Kusurwa ba wani abu ba ce illa rubu'in ƙaramar da'ira. Ga dokin da ke koyo, a ɗauke ta a matsayin rubu'in da'irar mita 10, wato a fara lanƙwasa mita 5 kafin kusurwa a gama mita 5 bayanta. Dokin da ya saba yanke kusurwa yana faɗawa kan kafaɗar ciki, sai mahayi ya ja kamazurun waje don ya mayar da shi, kan doki ya koma kallon shinge, abin ya ƙara lalacewa. Maganin shi ne ƙafar ciki a kan majayi, tare da ajiye jarka a cikin kusurwar don doki ya zagaya ta bayanta. Idan ya nace, a miƙe da shi kai tsaye zuwa kusurwar a tsayar da shi, a ɗan jira, sannan a juya a tafiyar ƙafa. Bayan an maimaita sau da yawa zai daina yanke hukunci da kansa.

Shiga layin tsakiya, wato layin da ya tashi daga A ya bi ta X zuwa C, shi ne jarrabawar gaskiya, domin babu shingen da za a jingina da shi. Daga dogon gefe zuwa layin tsakiya mita 10 ne, saboda haka rabin da'irar mita 10 ake yi: a bar dogon gefe mita 5 kafin kusurwa, a taɓa gajeren gefe a mita 5 daga kusurwa, a sauka kan layin ido yana kan C. Gara mahayi ya juya da wuri kaɗan ya tura dokin zuwa layin da ƙafar ciki, da ya wuce layin ya dawo yana jan baki, domin na farkon gyara ne da ke ƙara daidaito, na biyun kuwa yana sa kuturi ya yi ta lilo har ƙarshen fili.

Mataki na uku: koya wa doki kauce wa ƙafa

Doki a ɗabi'arsa yana jingina ne da abin da ya danne shi, don haka kauce wa matsi abu ne da sai an koya masa, kuma daga ƙasa ake farawa. Mahayi ya tsaya kusa da kafaɗar doki riƙe da ragama, ya ɗan karkato kan dokin wajensa, ya danna yatsu a haƙarƙari daidai inda ƙafa za ta zauna. Da zarar ƙafar baya ta wannan ɓangaren ta gitta gaban 'yar'uwarta, ko da taku ɗaya ne, sai ya janye hannu nan take ya shafa wuyan dokin. Janyewar ita ce ladan da doki ke fahimta, kuma wanda ya ci gaba da dannawa bayan doki ya amsa yana koya masa ne cewa amsawa ba ta da amfani. A yi haka ta ɓangarorin biyu na kwana uku ko huɗu.

Bayan nan sai juyi a kan ƙafafun gaba. A tsayar da doki a miƙe, shinge yana hannun dama da tazarar da ba ta gaza mita biyu ba, don kansa ya sami wurin wucewa. A ɗan karkata kai zuwa dama, ƙafar dama ta koma baya da majayi ta danna sau ɗaya, kuturi ya matsa hagu taku ɗaya, ƙafar hagu ta tare shi, a tsaya a numfasa, sannan a nemi taku na gaba. Ƙafafun gaba suna ɗagawa suna sauka a ɗan ƙaramin wuri, na baya suna zagaye su har doki ya fuskanci inda ya fito. Idan ya matsa gaba kaɗan ba laifi ba ne babba, amma ja da baya laifi ne, kuma alama ce ta cewa hannu ya yi nauyi. Da an gama a tura shi gaba da kuzari. Wannan juyi yana da amfani wajen buɗe ƙofar shinge daga kan doki, sai dai ba a yawaita shi bayan doki ya gane, saboda yana ɗora nauyi a gaba, mu kuwa baya muke son nauyin ya koma.

Mataki na huɗu: gocewa gaba da gefe

A nan ne ainihin tafiyar gefe ke farawa, kuma a nan ya kamata a daɗe. A gocewa jikin doki a miƙe yake, kansa kawai ke ɗan karkata saɓanin inda ya dosa, ƙafafun ciki suna gitta gaban na waje, yana tafiya gaba da gefe lokaci guda. Mahayi yana zagaya fili ta hannun dama, sai ya bar gajeren gefe ya shiga layin da ke mita 5 daga shinge, shingen yana hagunsa. Ya fara tafiya taku uku ko huɗu a miƙe sosai, domin idan bai yi haka ba dokin zai koyi sulalewa zuwa shinge da kansa tun kafin a tambaye shi. Sannan ya yi ankararwa, ya karkata kai dama kaɗan, ƙafar dama ta riƙa dannawa tana saki, kamazurun hagu yana tsare kafaɗa, har a isa shinge a cikin tsawon mita 20 zuwa 25. Gaba ya fi gefe muhimmanci. Idan sautin takun ya canja ko doki ya daburce, an nemi gefe da yawa.

Lokacin dannawa shi ne sirrin da ba a cika faɗa ba. Ƙafar da ke dafe da ƙasa ɗauke da nauyi ba ta iya zuwa ko'ina, sai wadda ke tashi ce ake iya aika ta gefe. A tafiyar ƙafa, lokacin da ƙafar baya ta dama ta bar ƙasa, mahayi zai ji ƙugunsa na dama ya ɗan sauka, cikin doki kuma ya kaɗa zuwa hagu kamar yana ba ƙafarsa wuri, to a daidai nan ake dannawa. Wanda bai iya jin haka ba tukuna ya sa wani a ƙasa ya riƙa cewa «yanzu» duk sa'ad da ƙafar ta tashi, ya rufe ido na 'yan taku idan dokin mai natsuwa ne kuma ana riƙe da shi, cikin kwanaki kaɗan jikinsa zai gane.

Laifin da ya fi yawa shi ne wuya ya lanƙwashe sosai, kafaɗar waje ta riga kowa isa shinge, kuturi yana jan ƙafa a baya ba tare da wata gittawa ba. Na shafe watanni ina wannan kuskure a kan wata goɗiya mai laushin baki, ina ƙara jan kamazurun ciki ina ganin kamar taimakonta nake yi, sai ranar da na mayar da kamazurun biyu hannun waje na saki na ciki gaba ɗaya, ta goce sumul kamar da ma jira take in daina damunta. Idan kafaɗa ta gudu, a rufe yatsun waje, a miƙe wuya, a yi taku biyu gaba, sannan a sake nema. Wannan ma darasi ne mai zaman kansa: taku uku gefe, taku uku gaba, kamar hawan matakala. Idan kuma kuturi ne ya riga kafaɗa, ƙafar mahayi ta koma baya fiye da kima. Mahayi ya kula da kansa ma, kada ya karye a ƙugu yana turawa da gangar jiki, kada kuma hannun ciki ya tsallaka geza. Bayan ya zauna a tafiyar ƙafa sai a gwada a sassarfa, sannan a kai shi da'ira: a rage ta sannu a hankali daga mita 20 zuwa 12 da ƙafar waje da kamazurun waje, a sake faɗaɗa ta da ƙafar ciki.

Mataki na biyar: kafaɗa ciki

Malamin hawa na Faransa François Robichon de La Guérinière, wanda littafinsa ya fito a 1733, shi ake danganta wa tsara wannan darasi, kuma har yau shi ne ƙashin bayan horon doki a makarantar hawa ta birnin Biyana a Ostiriya. Dalilin darajarsa a fili yake ga wanda ya dubi doki daga sama: kuturi ya fi kafaɗu faɗi, saboda haka dokin da ya manne da shinge gaba da baya a karkace yake tafiya, kuma miƙe shi yana nufin a kawo kafaɗu gaban ƙafafun baya. A darasin kafaɗa ciki, ƙafafun baya suna ci gaba a kan layi, kafaɗu suna shigowa ciki da kusurwa ta kimanin digiri 30, jiki ya lanƙwasa a kewayen ƙafar ciki. Mai tsayawa a gaba zai ga ƙafafu uku maimakon biyu ko huɗu, domin ƙafar baya ta ciki tana taka layin ƙafar gaba ta waje.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi da'irar mita 10 a kusurwar da ke buɗe dogon gefe, a dawo shinge, a ɗauki taku na farko kamar za a sake da'irar, sai a yi ankararwa da kamazurun waje, ƙafar ciki a kan majayi ta ce wa doki ya bi shinge da wannan lanƙwasar. Kafaɗun mahayi suna kallon cikin fili tare da na doki, ƙugunsa yana daidai da kuturi, idonsa yana leƙa layin da ake bi. A farko taku huɗu ko biyar sun isa, da kusurwa ƙarama ƙwarai wadda da ƙyar ake ganinta, a ƙare ta hanyar shiga da'ira ko ratsa fili. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a miƙa hannun ciki gaba na taku biyu. Idan siffar ta tsaya to kafaɗa ce ta shigo, idan ta rushe to wuya kawai aka jawo.

Abin da ke biye, da yadda ake raba lokaci

Sai kafaɗa ciki ta zauna ta ɓangarorin biyu ake taɓa kuturi ciki, inda gaba ke kan layi, ƙafar waje ta shigo da kuturi da kimanin digiri 35, doki yana kallon inda ya dosa, sawu ya zama layi huɗu. Daga gare shi ake samun ratsa fili a karkace da lanƙwasa, da kuma juyi a kan ƙafafun baya, inda ake gajarta taku, kafaɗu su zagaye kuturi, ƙafafun baya su ci gaba da takawa a ƙaramin wuri ba tare da sun kafe ko sun murɗe a ƙasa ba. Wannan juyin shi ne abin da 'yan folo na Katsina da Kaduna da Kano ke bukata, tun da sanda a hannun dama take kuma kamazuru duka a hagu, kuma dokin da ya koyi bin kamazurun waje da ƙafa a hannu biyu ba ya wahala idan an mayar da shi hannu ɗaya.

Kowace rana a fara da kilisa ta minti 10 a tafiyar ƙafa da sakakken kamazuru, sai sassarfa a manyan da'irori, aikin gefe kuma kada ya wuce minti 10 zuwa 15, a yanka shi gajere-gajere ana sa tafiyar gaba mai kuzari a tsakani. A lokacin zafi a yi da sassafe ko bayan La'asar. Kowane doki yana da ɓangaren da ya fi masa tauri, kamar yadda mutum yake da dama da hagu. A fara da mai sauƙin don ya gane abin da ake so, a koma mai taurin ba tare da an ninka masa aiki don hukunci ba, domin tsokar da ba ta saba miƙewa ba tana ciwo washegari. Idan ya fara kaɗa wutsiya da ƙarfi, ko cizon linzami, ko turjiya da neman yin tabarya, a tura shi gaba a babbar da'ira, a koma matakin da ya iya, a nemi taku biyu masu kyau, sannan a sauka a sassauta majayi.